Direba Bai Hau Waya Ba

Duk wanda ya taɓa bin layin koko a Maamobi, ta wajen babbar kwata, ya san Hajiya Amama ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai tabarau ɗaure da zare, tana zuba koko tana kaɗa kai, rediyonta mai kaset na zaune a gefe kan benci kamar ƙanwar da ta zo taya ta hira. Kokonta akwai yaji, bakinta ma haka. In ka ce ta ƙara maka sukari sai ta tambaye ka ko ubanka na da gonar rake, sannan ta ƙara maka ɗin.

A Maamobi aka haife ta. Kakanta soja ne da ya biyo Bature daga ƙasar Hausa ya ƙi komawa, ubanta kuma ɗan sanda. Boko ba ta yi ba, allo ma ta tsaya inda ta tsaya, amma kunne kam Allah ya ba ta. Cikin masu nemanta ta zaɓi Iliasu, direban babbar motar goro da ke bin hanyar Kumasi har Yamai, wani lokaci Legas. Sauran direbobi in sun dawo tsarabarsu atamfa ce da turare, shi kuwa kaset. Goge daga Nijar, kalangu, kiɗan Dagomba, hailaif na mutanen bakin teku, begen Annabi, har da na Indiya da babu mai jin kalma ɗaya a ciki. Amama ta sha yi masa mita cewa ba a ɗaura kaset a ƙugu, amma kullum ita ke riga shi sakawa a rediyo.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, a gabansa ko a bayansa, kamar yadda matan zamaninta ba sa yi. Direba take ce masa. Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi, ya bar mata Imurana da Zuera suna ƙanana, Muniratu kuwa tana goye. Abin da ya bari bayan yaran shi ne akwatin kwano cike da kaset. Da ludayin koko ta raine su duka ukun, da wannan akwati kuma ta raini kanta, don ta yi kewarsa ƙwarai, kuma ba mace ba ce mai zama ta yi kuka a gaban mutane.

Tunda ba ta karatu, kuma bawon kasusuwan da yawa ya ɓace, sai ta ƙirƙiro nata tsarin. Kowane kaset ta ɗaura masa zare ko ta ɗiga masa jan farce, kowace waƙa kuma ta raɗa mata suna da abin da ya faru ranar da aka fi jin ta. Akwai Zazzaɓin Zuera, akwai Akuya A Masallaci, akwai Ruwa Ya Ci Katifa. Yara suka taso da waɗannan sunaye, suka ƙara nasu fayafayan da katin waya a cikin akwatin, jikoki ma suka gada. A gidan babu wanda ya san sunan gaskiya na waƙa ko ɗaya, kuma babu wanda hakan ya taɓa damu.

Sarauniyar akwatin ita ce wata waƙar goge a kaset mai jan zare, wadda gida ke kira Direba. Tarihinta kuwa ga shi. Amama tana amarya, mijin ya dawo da kaset ɗin, ya saka, ita kuma ta ɗauka ya fita sai ta hau taka rawa a tsakar ɗaki. Ashe yana bakin ƙofa. Ya lallaɓo zai tsayar da kiɗan don ya tsokane ta, hannunsa ya faɗa kan jan maɓallin ɗaukar murya. Goge ya yanke, ya ce da muryar tasha, «Tsaya mota! Kowa ya hau?» Kunya ta kama ta, ta toshe baki da gyale, ba ta ce uffan ba. Ya jira ta kaɗan, sannan ya yi dariya ya ce, «To, mu je!» Sai da suka sake saurare suka ji ɓarnar da aka yi. Maganar ta zauna daram a tsakiyar waƙar, har da shirun amarya.

Da shekaru suka ja, wannan ɓarna ta zama al'adar gida. Ko suna ake ko aure, in an saka Direba, ana kaiwa wurin kowa zai daskare inda yake. Murya ta tambaya ko kowa ya hau, taro ya amsa da «Mun hau!», a ce mu je, rawa ta ɓarke fiye da da. Har maƙwabta, 'yan ƙabilar Ga da Ashanti, sun iya amsawa. Amama ita kaɗai ba ta amsawa, murmushi take yi ta gyara ɗaurinta. A tunaninta kowa ya san muryar wane ne, ai ga sunan nan ta raɗa wa waƙar. Ba ta taɓa zaunar da yara ta ba su labarin ba, don ina uwa ina ba 'ya'yanta labarin rawar amarci? Muryarsa ba ta ko'ina a duniya sai a wannan siririn zaren kaset, shi ya sa take ajiye shi daban, a cikin safa, ƙarƙashin kayan sallarta.

To, zamani riga ne. Damina ta zo, kwata ta cika ta shigo gidaje kamar yadda ta saba, akwatin ya sha danshi, wasu kasusuwan suka fara furfura. Rediyon ma ya tsufa, ya koyi cin kaset. Amama ta hau toro-toro, motar haya, da kanta ta kai shi wurin wani tsohon mai gyara a Zongo Lane. Ya buɗe, ya leƙa, ya girgiza kai, ya sa masa wata 'yar roba da ya ce ita ce ta ƙarshe a shagonsa, ya kuma ja mata kunne cewa abin nan numfashinsa ƙirgagge ne. Ga bikin jikarta Wadia, 'yar Zuera, yana tafe, mai kiɗan da aka ɗauka kuma ya riga ya ce shi rabonsa da ganin kaset tun yana yaro.

Muniratu, autar, wadda ke aiki a wata maɗaba'a a Adabraka, ita ta kawo mafita. Ta ce akwai manhajar kiɗa da ake biya wata-wata, a shigar da iyali duka, kowa ya ji waƙoƙin gida a inda yake: Mma, wato uwar, a wayarta, Imurana a garejinsa na unguwar Malam, Zuera a talabijin ɗinta can Tamale. Amama ta tambaya ko za a kwashe waƙoƙin daga akwati zuwa waya ke nan. Muniratu tana sauri za ta fita, ta ce e, kamar haka ne. A nan aka yi baya da baya. Ita Amama ta ɗauka ƙaura ce irin ta tashi daga gida zuwa gida, a kwashi kaya duka har da tsintsiya, don haka ta amince da farin ciki, har tana cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Makon farko an sha dariya. Muniratu ta fara gwadawa da asusu ɗaya ga kowa, sai ya zama in Imurana ya kunna nasa a Malam, na uwar ya ɗauke a Maamobi. Wata safiya tana cikin zuba wa wani limami koko, wayarta na rera bege, sai kawai ta juye zuwa wani kiɗan samari mai kama da ana jefa tukwane a rijiya, wanda wani jika ya kunna daga Tamale. Amama ta kife wayar da murfin roba ta yi ta a'uziyya. Limamin ya ce kar ta damu, tasa wayar ma tana yi. Daga baya Muniratu ta ware wa kowa ɗakinsa a cikin manhajar, ta buɗe zaure guda na waƙoƙin gida da kowa ke shiga, aka sami zaman lafiya.

Neman waƙoƙin ne aiki. Ina za ka rubuta Akuya A Masallaci waya ta gane? Dabarar da ta yi aiki ita ce a saka kaset, a kara waya a bakin rediyo ta saurara, ta faɗi sunan waƙar da mai ita. Haka suka riƙa yi da yamma bayan an wanke tukunyar koko, uwa na miƙo kaset tana faɗin tarihinsa, 'ya na kara waya. Amama na gani da idonta ana kara waya a rediyo, sai ta ƙara tabbata tsotsewa take yi. Sunayen gaskiya da ke fitowa kuwa ba su burge ta ba ko kaɗan. Da aka ce mata Zazzaɓin Zuera waƙar soyayya ce, sai ta ce ƙarya ne, ita ta yi jinyar.

Direba aka bari ƙarshe, don Amama na tsoron rediyon ya cinye ta. Muniratu ta fara rubuta sunan a manhajar, waƙoƙin direbobi suka zubo kamar tasha ranar kasuwa, babu ita a ciki. Dole aka ciro ta daga safa. Goge bai yi nisa ba wayar ta gane shi, Muniratu ta yi maza ta kashe rediyon tun ba a kai tsakiya ba. Amama ta yi ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi, Direba ya hau waya. Har ta yarda in 'yan gwangwani sun zo a ba su akwatin ya rage mata cunkoso.

Ranar Asabar bayan la'asar mata suka taru a tsakar gida ana rabon yayi, wato ankon bikin Wadia. Zuera ta iso daga Tamale, Imurana ma ya leƙo da kayansa na gareji. Muniratu ta kawo 'yar sifika ta haɗa da waya, ta ce yau za su ji Direba fes, babu shuuu ɗin nan na kaset. Gaskiya ta faɗa, goge ya fito tas kamar mai shi na zaune a kan turmi. Mata suka ajiye atamfa suka shiga fili. Aka zo wurin, kowa ya daskare: wata ƙafa a sama, wata hannu a ƙugu, wata maƙwabciya 'yar Ga mai ƙiba ta riga ta cika ƙirji da iska za ta amsa. Goge ya wuce abinsa ko waiwaye babu. Suna nan tsaye kamar an ɗauki hoto, har maƙwabciyar ta gaji ta saki «Mun hau!» ita kaɗai. Dariya ta kwashe tsakar gida, wasu har da zama a ƙasa.

Amama ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce, «Ina Direban?»

Muniratu ta ce ai ita ce wannan, sai dai wataƙila wani bugun ne daban. Ta nemo wani, ta tura shi zuwa tsakiya, shi ma babu. Ta nemo na uku, haka. Ta ce, «Mma, na duba paa, sosai da sosai, babu. Wataƙila mai waƙar ne ya cire wurin.»

«Wane mai waƙar?»

«Mai gogen mana. Wanda yake cewa kowa ya hau.»

Amama ta dubi autarta, ta dubi Zuera, ta dubi Imurana da furfura ta fara fito masa a gemu, ta ga dukansu amsa suke jira. Sai a lokacin ta gane cewa shekara da shekaru yaran nan suna amsa wa mutum ba su san shi ba. Ta ce, «Mai goge ina ya san tasha? Ubanku ne.»

Imurana ya zauna a kan bokiti ba tare da ya duba ko da ruwa a ciki ba. Muniratu, wadda ba ta san ubanta ba sai a hoto guda mai dishi-dishi, ta riƙe wayar ta rasa inda za ta ajiye ta. Amama ta ba su labarin a taƙaice, ta tsallake batun rawa, ta ce shara take yi. Babu wadda ta yarda, babu kuma wadda ta musa.

Ita ma ta sami nata darasin. Muniratu ta yi mata bayani cewa wayar ba ta ɗauki komai daga kaset ba, tambaya kawai take yi a kawo mata irin waƙar daga rumbun masu manhajar. Amama ta dafe kai, don saura kaɗan ta miƙa wa 'yan gwangwani akwati, kuma da rediyon ya mutu a makon nan da shi ke nan. Ta yi faɗa sosai, ta ce wannan ba ƙaura ba ce, an kai ta gidan haya ne mai kama da nata. Muniratu ta ba ta haƙuri, ta ce akwai hanya: a saka kaset ɗin sau ɗaya daga farko har ƙarshe, waya ta naɗi sautin da gaske, a ajiye shi a zauren gida tare da sauran. Sharaɗin kawai shi ne a yi shiru, don duk abin da ya motsa zai shiga.

Shiru a Maamobi! Ai gara a aike ka neman nonon kaza. Juma'a akwai lasifikar masallatai, Lahadi akwai gangunan coci, sauran ranaku akwai kowa. Amama ta zaɓi hantsin Talata, yara na makaranta, ta rufe koko da wuri, ta bi gida-gida da kanta. Mai injin niƙa ya yarda zai kashe na ɗan lokaci, mai dakan fufu ta jingine taɓarya, aka ɗauki zakaran gidan aka kai shi baƙunta layin baya. Maƙwabciyar nan 'yar Ga ta ɗauki kujera ta zauna a bakin lungu tana korar masu talla da hannu. Zuera da Imurana suka tsaya a tsakar gida, don ɗakin ba zai ɗauke su duka ba.

Uwa da auta suka shiga, aka rufe taga, aka kashe fanka. Amama ta juya kaset ɗin da biro har farko don kar a wahalar da rediyo, ta yi bisimilla ta saka. Muniratu ta jingine waya a bakin sifikar rediyon, ta ɗora yatsa a leɓe, ta raɗa mata cewa ko tari ya zo ta haɗiye. Amama ta harare ta, ta ce yoo, ta ji, ita da ba ta taɓa amsawa ba yau za ta fara?

Goge ya taso da shuuu ɗinsa, yana ɗan rawar murya irin ta tsufa. Zufa na bin wuyansu. Amama ta kafa wa 'yan ƙafafun kaset ido suna juyawa, tana addu'a a zuci duk lokacin da sautin ya yi kamar zai ja. Bai ja ba. Aka zo wurin, kiɗa ya yanke, saurayin direba ya ce a tsaya da mota, ya tambaya ko kowa ya hau. Sai ga shirun nan nata na amarci, wanda ta saba jin taro ya cike shi da ihu. Yau babu taro, babu kowa, shi ne kawai yake jira. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

«Na hau tun tuni, Direba. Kai ne ka sauka ka bar ni.»

Ya yi dariyarsa ya ce, «To, mu je!» Goge ya ɗauka, ya tafi lafiya har ƙarshe.

Da rediyon ya yi ƙas ya tsaya, Amama ta rufe fuska da gyale, kunya da haushin kanta suka haɗu mata. Ta ce ta ɓata aiki, a goge a sake tun mai niƙa bai tayar da inji ba, wannan karon za ta cusa tsumma a baki. Muniratu ta ɗauki wayar. Ta sa abin ji a kunne, ta mayar da naɗin zuwa tsakiya, ta saurara, ta sake mayarwa ta saurara. Hawaye na zuba tana dariya.

«Ba za a sake ba, Mma,» in ji ta. «Tun da aka haife ni ban taɓa jin ku kuna magana da juna ba sai yau.»

Amama ta sauke gyalen daga fuska. Ta miƙa hannu ta karɓi kunne ɗaya na abin jin, ta sa a nata, ta ce a mayar mata wurin. Can waje mai niƙa ya leƙo yana tambaya ko an gama, Zuera ta ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan.